Tafintar da Na Yi wa Baba Alhaji

Mitchellville, ranar Litinin da hantsi.

Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, duk da bango ɗaya ne tsakanina da ke, har ina jin motsinki. Allah ya tsare mini ke a gida, ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a garin da za ki.

Na ce garin da za ki, domin za ki, in Allah ya yarda. Jiya na ga kin mayar da babban akwati ɗakin ajiya, kika ce mini kin yi tunani, za ki rubuta wa masu aikin na Minneapolis su ɗaga miki zuwa baɗi, wai kina so ki huta gajiyar karatu. Ban ce miki komai ba. Kin san ni, in abu ya dame ni na buɗe baki, sai in manta rabi in maimaita rabi. Shi ya sa na zauna na rubuta, kuma da Hausa. Ki karanta a hankali. In kin ga dama ki amsa mini da Turancinki kamar yadda kika saba.

Na san abin da ya faru ranar Asabar, mako uku da suka wuce. Abbanku ya fita sayen nama, ya tuƙa mota har Silver Spring, ya hau hawa na huɗu a ginin da muka bari shekara goma sha ɗaya, ya tsaya yana gwada makullin gidan nan a ƙofar mutane. Da abin ya ruɗe masa ya kira ki, kika je kika ɗauko shi, ya sa kika yi masa alkawari ba za ki gaya mini ba. Kin riƙe alkawarinki. Malam Isiyaka, wanda ya yi jinyar kakanki, har yanzu yana hawa na biyu a ginin, shi ya gan ku. Ya kwana biyu yana shawara da zuciyarsa kafin ya kira ni.

Ba fushi nake ba. Kina so ki zauna ki riƙa bin mahaifinki a baya kina rufe duk abin da ya zubar, don kada kowa ya gani. Na riga ki yin wannan aikin, kuma na ga inda ya ƙare. Kina da shekara tara a lokacin, abin da kika sani kaɗan ne, bari in cike miki.

Baba Alhaji ya zo wurinmu daga Kano bayan rasuwar Hajiya, wadda kika ci sunanta. Shekararsa ta farko lafiya lau. A ta biyu ƙafarsa ta dama ta fara ja. Likitansa ya ce da Abbanku ya kamata mu nemi wadda a nan suke kira kiya manaja, wato mai tsara yadda za a kula da tsoho, ya ba shi sunan wata Misis Dorin. Da Abbanku ya kawo mini maganar, abin da na ce shi ne, "Mu za a turo wa dillaliyar gidan gajiyayyu? Me za a ce a Kano?" Wata huɗu takardar tana maƙale a jikin firij. Ban tambayi kowa mene ne aikin matar ba. Na yanke mata hukunci a kan suna.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma yanzu da na gama karatun aikin da kaina zan iya gaya miki shi dalla-dalla. Manajar kulawa ba ta rubuta magani, ba ta yi wa kowa wanka, ba ta da ikon ɗauke tsoho daga gidansa. Yawanci nas ce ko soshiyal woka, wato ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, da ta ƙware a kan tsofaffi. Tana zuwa gida ta duba yadda mutum ke tashi, yadda yake ci, yadda yake shiga banɗaki, magungunan da yake sha, da kuma wanda ke ɗauke da shi ko ya kusa faɗuwa shi ma. Sai ta rubuta tsari, ta nemo mutanen da za su cika shi, ta riƙa dawowa tana gyarawa. Sau da yawa aikinta shi ne ya sa tsoho ya daɗe a gidansa. Iyali ne galibi ke ɗaukar nauyinta, kuma inshorar gwamnati ta tsofaffi ba ta cika biyan kulawar yau da kullum ta dogon lokaci ba. Mutanenmu da yawa ba sa jin wannan sai a bakin gadon asibiti. Duk abin da aka kawo miki a rayuwa da sunan da bai yi miki daɗi ba, ki fara tambayar me yake yi kafin ki kore shi.

Da na gaji da nacin Abbanku na yarda ta zo, sai na shirya mata kamar mai shirya wa surukai. Na ɗauke bokitin da Baba ke ajiyewa gefen gado. Na cire robar da nake shimfiɗawa ƙarƙashin zanen gadonsa na tura bayan kabad. Na goge masa babbar riga mai dogon hannu saboda tabon da ke damtsensa, na turara falo. Abbanku yana wurin aiki a Alexandria, don haka ni ce tafinta.

Misis Dorin baƙar fata ce, doguwa, gashinta ya fara furfura. Ta cire takalminta a bakin ƙofa ba tare da an ce mata ba. Ta zauna daidai da Baba, shi take kallo ba ni ba, ta tambaya ko ya taɓa faɗuwa a cikin wata shida da suka wuce.

Baba ya ce, "Ki ce mata ƙafar nan ta fara yi mini gardama. Ranar Talata ma sai da na zauna a ƙasa a banɗaki ban shirya ba. Karo na uku ke nan."

Na juya na ce mata da Turanci ya ce lafiyarsa ƙalau, sai dai gajiya jefi-jefi.

Ta tambaya wa ke taimaka masa wurin wanka.

Baba ya ce, "Babu. Ɗana yana fita da sassafe, wannan kuwa surukata ce."

Na ce mata yana yi da kansa, ba ya bukatar kowa.

Tambaya goma sha huɗu ta yi, na ƙirga daga baya. Na sauya amsa shida. A zuciyata rufin asiri nake yi. Dattijon da ya yi shekara talatin a reluwe, mutane na miƙewa in ya shigo, ba zan bari baƙuwa ta rubuta a takarda cewa yana jiƙa gado ba. Abin da na manta shi ne mutumin da ya yi shekara talatin a reluwe yana jin Turanci. Ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da idonsa kan carbinsa. Ba zai ƙaryata matar ɗansa a gaban baƙuwa ba, ni kuma na jingina da wannan kunyar tasa na yi abin da na ga dama.

Da yamma kin dawo daga makaranta, kin shiga wurinsa kamar kullum, ina kicin ina jin ku.

Ya ce, "Amarya, yau an yi mini magani."

Kika ce, "Wane magani, tsoho? Ni dai na gaya maka na fasa auren, ba ka da haƙora."

Ya yi dariya ya ce, "Uwarki ce likitar. Ta gyara mini ƙafa da baki. Yanzu a takarda har tsere zan iya."

Kika yi ta dariya ba ki san me ake ba. Ni na tsaya da ludayi a hannu.

Misis Dorin ta rubuta abin da aka ba ta: a sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, a ɗauke ƙananan darduma daga hanya, za ta sake leƙowa bayan wata uku. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya, cewa tana so ta sake zama da shi da tafintan da ba ɗan gida ba. Na ji haushin layin nan, ban kira ta ba.

Ki ji wannan da kyau, Walida. Asirin da na rufe ba na Baba ba ne. Shi ya faɗi nasa da bakinsa, cikin raha, ba tare da ya zubar da girmansa ba. Nawa na rufe, don kada a ce surukarsa ta gaza. In kin ji kanki kina cewa don mutuncin wani kike ɓoye abu, ki tsaya ki tambayi kanki wa zai ji kunya in an sani. In ke ce, to ki faɗa.

Bayan haka na lura kofin ruwan da nake kai masa da safe yana kaiwa la'asar a cike. Na ce a raina azumin nafila yake yi, dattijo ne mai ibada. Ban tambaya ba, domin ba a yi wa suruki irin wannan tambayar. Ashe ya rage shan ruwa ne don kada fitsari ya matsa masa alhali daga ni sai shi a gida. Kwana arba'in da bakwai bayan zuwan Misis Dorin, ya shiga yin alwalar azahar. Banɗakin nan ba irin na gida ba ne, babu wurin tsugunawa da buta. Ɗaga ƙafa yake yi ya sa a wurin wanke hannu. Jiri ya ɗebe shi yana tsaye a kan ƙafar da ke ja. Na ji ƙarar, na tsaya a bakin ƙofa ina sallama, ina cewa, "Baba, in shigo?" Ya ce, "A'a, kira mini ɗana." Na bi maganarsa. Minti ashirin da biyar yana kwance a kan tayil da karyayyen ƙashin kwatangwalo kafin Abbanku ya daka mini tsawa a waya ya ce in kira motar asibiti.

Ban ce ki yar da kunya ba. Kunya ce ta sa gidanmu ya zama gida a ƙasar da ba tamu ba. Amma kunya tana bukatar a yi mata tsari. In akwai abin da ke ba za ki iya yi wa mutum ba saboda matsayinki a wurinsa, aikinki shi ne ki nemo wanda zai iya, tun kafin ranar. Ni na bar gurbin a buɗe, na kira shi ladabi.

An yi masa aiki. A kwana na uku wata ma'aikaciyar asibiti ta miƙa mana jerin gidajen jinya ta ce mu zaɓi ɗaya, sallama ta kusa. Abbanku, injiniya guda, ya riƙe takardar yana juya ta kamar bai iya karatu ba. Ni na fita baranda na kira Misis Dorin. Na fara ba ta haƙuri, ta tare ni.

Ta ce, "Na ga shatin bokiti a kan kafet ranar nan. Na ga yana magana mai tsawo kina ba ni gajeriya. Amma abin da aka bari na gani kawai zan iya rubutawa. Yanzu ki gaya mini duka, daga farko."

Na gaya mata. A cikin kwana biyu ta je gidaje uku da ƙafarta. Ta soke ɗaya saboda ba za su iya tabbatar da namiji ne zai riƙa yi masa wanka ba. Ta zaɓi wanda jirgin ƙasa na Red Line ke kai mu ba canji, ta zauna da masu kicin ɗinsu a kan abin da yake ci da wanda ba ya ci. Ta sa na kwaso duk magungunansa a leda, har da waɗanda ake aiko masa daga Kano, ta kai wa likita. Aka tarar yana shan maganin hawan jini iri biyu masu aiki ɗaya. Kafin ya gama gashin ƙashi ya dawo gida, an sa benci a cikin bahon wanka da famfo mai tiyo, yana zaune zai wanke ƙafarsa. Ita da ba ta taɓa alwala ba, sai da ta sa Abbanku ya yi a gabanta sau biyu tana kallon inda mutum ke rasa madogara.

Sannan ta ce akwai wani mai kula da tsofaffi, Musulmi, mutumin Kumasi, yana jin Hausa, ta sha aiki da shi. Da ta faɗi adireshinsa muka dubi juna. Shekara biyar muna gaisawa da Malam Isiyaka a lifta, muna masa barka da Juma'a, ban taɓa tambayarsa aikinsa ba, shi kuma bai san akwai mai bukatarsa hawa biyu a samansa ba, domin duk ranar da ya ce, "Yaya jikin Baba?" sai in ce, "Da sauƙi sosai." Ranar da ya fara zuwa, Baba ya dube shi ya ce, "Kai ne za ka yi mini wankan? To Hausarka dai ta zango ce, Allah ya sa hannunka ya fi ta." Malam Isiyaka ya ce, "Baba, mu da muka riƙe muku goro shekara da shekaru, ƙafa ɗaya ce za ta gagare mu?" Daga ranar Baba ya koma shan ruwa.

Akwai kuskure ɗaya da ya rage, shi ne wanda na fi jinkirin ganewa. Da aka zo maganar inda Baba zai zauna nan gaba, muka sayi katin waya muka kira Yaya Sani, wan Abbanku, a Kano. Shi yana cewa a dawo da shi gida, Abbanku yana cewa ina asibitin da zai duba ƙarfen da aka sa masa, ni ina cewa zan iya. Awa guda muna yi, Baba yana zaune a keken guragu a tsakiyar falon. Misis Dorin, da ke zaune tare da mu ita da Malam Isiyaka, ta ɗaga hannu ta ce, "Akwai wanda ya tambaye shi?" Babu. Ta sa Malam Isiyaka ya yi tafinta, ni ta ce in zauna in saurara.

Baba ya ce zai zauna inda jikokinsa suke. Ya ce abu biyu yake so: kada ya rasa Juma'a, kuma kada matar ɗansa ta sake ɗaukar bokitinsa, domin 'yar mutane ce, ba don haka aka kawo ta ba. Duk watannin nan ina ɓoye bokitin don in kare shi, ashe shi kuma ni yake tausayi.

Ta samo motar da ke ɗaukar keken guragu duk Juma'a. Shekara biyu da wata huɗu ya ƙara yi, Juma'a uku kacal ya rasa, kuma a ɗakinsa ya cika, Abbanku na riƙe da hannunsa. Allah ya jiƙansa. Duk wanda kike shirya wa rayuwa, ko ba ya iya tashi, ki fara da tambayarsa.

Kin san sauran. Bayan mun dawo gidan nan na koma makaranta, kwas ɗaya ko biyu a zango, shekara tara, har muka sa hular gama karatu a wata ɗaya ni da ke, kina ta yi mini dariya wai tawa ta karkace a kan ɗankwali. Sabuwa ce ni a aikin. Har yanzu sai na karanta rahotona sau uku kafin in miƙa. Amma abin da zan gaya miki yanzu ba na shakkarsa.

Ina da littafin da nake rubuta mantuwar Abbanku a ciki tun watan azumi. Abin da kika gani shi ne na biyar a ciki, ba na farko ba. Ban san mene ne ba, kuma ba zan sa masa suna ba, domin ni ba likita ba ce. Akwai abubuwa da dama da ke kawo irin wannan mantuwa, wasu ana maganinsu, wasu ba a yi. Gwaji ne zai nuna. Na karɓar masa ranar ganin likita. Kuma ba ni zan tsara kulawarsa ba, domin ba a yi wa na gida. Idon da ke so ba ya ganin shatin bokiti. Misis Dorin ta rage aiki, amma ta ce za ta zo ranar Alhamis ƙarfe goma.

Na yi wa Abbanku maganar yau bayan karin kumallo, kina wanka. Na ajiye littafin a gabansa. Ya karanta shafi biyun, ya cire tabarau.

Ya ce, "Yarinyar ce ta gaya miki?"

Na ce, "Yarinyar tana shirin ajiye aikinta don ta riƙe maka alkawari."

Ya ce, "Wane aikin? Na Minneapolis?"

Na ce shi. Ya rufe fuskarsa da hannu. Da ya buɗe ya ce, "Ni ban sa ta haka ba. Cewa kawai na yi kada ta tayar miki da hankali." Na ce ai haka ake farawa, ni shaida ce. Ya ce in gaya miki ya sauke miki alkawarin, zai kuma faɗa miki da bakinsa in ya dawo daga masallaci. Sai ya tambaya ko Dorin ɗin nan dai ta da ce, mai cire takalmi. Na ce ita. Ya ce, "To ta zo. Amma da sharaɗi, Hajiya. Ba ke za ki yi tafinta ba."

Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana rubuta rahoto da Turanci. Muka yi dariya har sai da na tashi na shiga kicin.

Ga abin da nake so daga gare ki. Ranar Alhamis ki zauna tare da mu. In ta tambaye ki, ki faɗi abin da kika gani ranar Asabar ɗin, a gabansa, ba ragi: ƙarfe nawa ya kira ki, me ya ce, ya gane ki nan take ko sai da ya ɗan jima, wa ya tuƙo motar. Wannan taimakon ke kaɗai ke da shi. Bayan haka za a sa sunanki a tsarin, duk rahoton da ta rubuta za ki samu, duk taron da za a yi za a kira ki a waya. In ranar da ake bukatarki a gida ta zo, ni zan gaya miki da bakina, ba zan ce miki da sauƙi ba alhali babu sauƙi. Wannan alkawarina ne, ki riƙe takardar nan shaida. Amma ranar ba ta zo ba. In kin zauna yanzu, abin da mahaifinki zai samu shi ne mai gadi, kuma kullum ya dube ki zai tuna abin da ya hana ki. In kin tafi yana da 'ya mai aiki a Minneapolis da zai riƙa damun mutanen masallaci da labarinta.

Kada ki tura musu wasiƙar ɗagawar. Tikitinki na ranar Lahadi yana nan yadda yake. Na hau da akwatin da kaina, shi ne kika tarar da takardar nan a kansa. Na sa miki yaji da kuka da daddawa a ƙasa cikin leda biyu, da rigar sanyin nan mai kauri, domin na duba, sanyinsu ya fi namu nesa ba kusa ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya tsare ki daga sharrin hanya da na dare da na rana. Allah ya sa in tawa ranar ta zo, wata ta zauna a gabana da takarda tana tambaya, ki faɗa mata abin da na faɗa, yadda na faɗe shi. Allah ya yi miki albarka.

Ki sauko in kin gama, akwai sauran ƙosai.

Mahaifiyarki,
Binta